Ladan Marar Gida A Wurin Mai Ɗaukan Hoto

Mutumin da ya ke son hotonsa ya kan yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya tafi shagon mai hoto da ƙafarsa, ya zauna bisa kujera yadda ya ga dama, a ɗauke shi, ya biya. Bayan kwana biyu ya komo ya karɓa, ya kai gida ya rataya. In bai yi masa kyau ba ya yage, ba mai tambayarsa dalili. Amma akwai wani irin mai hoto dabam, wanda ya ke rataya akwatinsa a wuya ya bi gari, yana neman ya nuna wa waɗanda ke cikin daɗi halin da waɗansu ke ciki. Aikinsa shi ne ɗaukan hoton shaida, watau hoton da a ke bukata ya tsaya kamar mai shaida a gaban alƙali, ya faɗi abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. A wurin wannan kome ya juya. Wanda a ke ɗauka bai kira shi ba, bai yi shiri ba, kuma galibi har ya mutu ba zai ga hoton ba.

Tun da aka fara wannan sana'a babu waɗanda ta fi bi kamar marasa gida, masu kwana bakin titi da ƙarƙashin gada da cikin tasha. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai gida yana da zaure. In baƙo ya zo sai ya yi sallama, in mai gida bai so ba a ce ba ya nan, shi ke nan magana ta ƙare. Marar gida ba shi da inda za a tsaya a yi masa sallama. Barcinsa, da cin abincinsa, da ciwonsa, da kukansa, duk a fili su ke, kowa ya zo wucewa ya gani, mai akwati kuwa ya ɗauka. Daga nan tambayar ta taso, wadda masu sana'ar suka daɗe suna gardama a kanta ba su gama ba: shin ya kamata a biya shi?

'Yan jarida sun amsa tun da daɗewa, sun ce a'a. Ƙungiyar masu ɗaukan hoton jaridu ta Amurka, wadda aka kafa cikin 1946, ta rubuta cikin ƙa'idodinta cewa kada ɗanta ya biya wanda ya ɗauka, kada kuma ya ba shi wani abin hannu domin ya yarda. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma kowane mai zuwa kotu ya san ta: shaidar da aka saya ba shaida ba ce. In marar gida ya gane tsumma shi ke kawo kuɗi, gobe zai ɓoye rigarsa mai kyau in ya hango mai akwati. In ya gane hawaye sun fi murmushi tsada, zai yi kukan da babu shi. Sai ya zamana mai kallo yana tsammani duniya ya ke gani, alhali kuwa wasa a ke yi masa.

Ba kuwa tsoron banza ba ne, an taɓa gani. A birnin Landan, Thomas Barnardo, wanda ya buɗe gidan renon yara marasa galihu cikin 1870, ya riƙa sa ana ɗaukan yaro hoto biyu, ɗaya cikin tsumma kamar ranar da aka tsince shi, ɗaya kuma tsaf yana koyon sana'a. Ana buga su bisa kati ana sayarwa, ɗaya sisi, ashirin sule biyar, domin a tara kuɗin gidan. Wani limamin Kirista mai suna George Reynolds ya tashi ya zarge shi da abubuwa da yawa, cikinsu har da cewa ana yayyaga tufafin yaran da gangan kafin a ɗauke su, domin su fi ban tausayi. Cikin 1877 aka zaunad da masu sulhu suka bi maganar. Suka wanke Barnardo daga manyan laifofin da aka ɗora masa, amma a kan hotunan suka ce lalle akwai ƙage a ciki, ya kuwa bar sayar da su. Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: a nan ba yaran aka biya ba. Kuɗin ya shiga ne ta wajen mai sayarwa, kuma ta nan ƙaryar ta shigo.

Labarin da ya fi kowane daɗin ji a wannan babi na Jacob Riis ne. Mutumin Denmak ne, ya sauka Amurka cikin 1870, har shi da kansa ya sha kwana a ɗakunan da 'yan sandan Niyu Yok ke tara marasa gida da dare. Daga baya ya zama ɗan jarida, cikin 1890 ya buga littafinsa a kan zaman matalautan birnin, da hotuna a ciki. A cikin littafin ya ba da labarin wani mayawaci da ya tarar zaune a wani lungu yana shan lofe. Ya ce masa zai ba shi senti 10 in ya zauna a ɗauke shi, mutumin ya yarda. Da Riis ya gama kafa akwatinsa, sai mutumin ya cire lofen daga bakinsa ya sa aljihu, ya ce ai ba a yi ciniki da lofe ba, in ana so ya fito cikin hoto sai senti 25. Tilas Riis ya biya.

Riis ya kawo labarin ne domin a yi wa mutumin dariya, a ga yadda malalaci, bai yi ko minti guda yana aiki ba, aikin ma na zama, har ya yi yaji. Amma in an duba da kyau, cikin su biyun mayawacin ya fi fahimtar abin da ke gudana. Ya gane ba shi a ke so ba, siffarsa a ke so, ita kuwa ba ta cika sai da lofe. Ya gane abin da ke hannunsa haja ce, kuma mai sayen zai kai ta wata kasuwa ya ci riba. Riis ya yi ta yawo da hotunansa yana lacca ana biyansa, littafinsa ya yi kasuwa, ba wanda ya kira wannan haɗama. Sai senti 15 da talaka ya ƙara shi ne abin dariya.

Wannan ma da sauƙi, gama an tambayi mai lofe. Yawancin waɗanda Riis ya ɗauka ba a tambaye su ba. Da tsakar dare ya kan faɗa ɗakunan kwanansu, sau da yawa tare da 'yan sanda, a kunna wani gari mai kama da albarushi, haske ya tashi farat ɗaya, kafin mutane su wartsake an gama an fita. Shi da bakinsa ya faɗi yadda wata rana ya kunna garin nan a ɗakin waɗansu makafi mabarata, wuta ta kama, sai da ya kashe ta da kansa. Ba a hana shi yabonsa. Saboda ƙoƙarinsa aka rufe ɗakunan kwanan nan na 'yan sanda cikin 1896, sa'ad da abokinsa Theodore Roosevelt ke shugabancin hukumar 'yan sandan birnin, aka kuma rushe unguwa mafi muni aka mai da ita wurin shan iska. Amma wanda ya dubi fuskokin da ke cikin hotunan, idanu a zazzare, baki a buɗe, ya kamata ya tuna ba talauci kaɗai ya ke gani ba, yana ganin firgitar mutumin da aka tasa daga barci da harshen wuta. Ba a biya su ba, duk da haka hoton bai tsira daga hannun mai ɗaukansa ba.

Inda maganar ta fi nauyi kuwa shi ne hoton da Dorothea Lange ta ɗauka cikin watan Maris na 1936, wanda da wuya a sami hoton talauci da ya kai shi suna a duniya. Lokacin Amurka tana cikin matsanancin karyewar arziki. Lange ma'aikaciyar Gwamnati ce, an aike ta ta ɗauko halin da 'yan ƙodagon gona ke ciki a Kalifoniya. A wani wuri mai suna Nipomo ta tarar da zangon masu tsinkar wake, sanyi ya kashe amfanin gonar, ba aiki ba abinci. Ta hangi wata mace zaune ƙarƙashin 'yar rumfar tamfol da 'ya'yanta, ta matsa, ta ɗauki 'yan hotuna kaɗan cikin kamar minti goma, ta shiga motarta ta tafi.

Na ƙarshen shi ne ya yi suna. Matar tana zaune, yatsunta a gefen haɓarta, goshi a tattare, idonta ya wuce mai kallo yana duban wani abu can nesa. Yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya ƙeya, jariri yana barci a cinyarta. Gwaninta ce ta gaske, babu mai musu. Da yaran sun dubi akwatin da hankalin mai kallo ya rabu uku, amma da suka ɓoye fuska sai duk nauyin ya taru a fuskar uwar. A hotunan farko akwai wata 'yarta, budurwa, zaune a gaba. A na ƙarshe babu ita, sai ƙanana kaɗai, waɗanda ganinsu ya fi karya zuciya. Da jaridar San Faransisko ta buga labarin zangon, Gwamnati ta aika da abinci laba 20,000. Kafin ya iso matar da iyalinta sun riga sun yi gaba.

Lange ta rubuta cikin 1960 cewa ba ta tambayi matar sunanta ba, ba ta kuma tambayi tarihinta ba. Shekara 42 duniya tana kallon fuskar nan ba ta san mai ita ba, sai cikin 1978 wani ɗan jarida ya gano ta a Modesto. Sunanta Florence Owens Thompson, shekararta 32 ran da aka ɗauke ta, 'ya'yanta bakwai a lokacin. 'Yar ƙabilar Cherokee ce, watau cikin mutanen asali na ƙasar, abin da masu kallo ba su taɓa kawowa a ransu ba. Ba ma 'yar zangon ba ce, motarsu ce ta lalace a hanya suna tafiya neman aiki a gaba, mazan suka shiga gari neman gyara, ita ta zauna jira. An rubuta ƙarƙashin labarinta cewa sun sayar da tayoyin motarsu sun sayi abinci, ɗanta ya ce sam ba a yi haka ba. Ita kuwa ta ce da ta sani da ba ta yarda ba, gama ko kwabo ba ta samu ba, kuma a cewarta an yi mata alkawari ba za a buga ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ba Lange ce gardin ba. Hoton mallakar Gwamnati ne, albashinta kaɗai ta ci, ko da ya ke sunan da ta samu ya fi albashi. Waɗanda suka ci su ne na baya. Cikin 1998 gidan waya na Amurka ya buga fuskar matar a kan sarki na senti 32, cikin shekarar nan kuma aka yi gwanjon kwafi guda mai rubutun hannun Lange a kan dala 244,500. Ita Florence ta riga ta rasu tun 1983. Da ciwon daji ya kwantar da ita, 'ya'yanta ba su da abin jinya, sai da suka yi shela a jarida cewa ga matar hoton nan tana bukatar taimako. Mutane suka aiko da wajen dala 35,000 da wasiƙu masu yawa. Watau abin da hoton ya kawo mata a ƙarshe sadaka ce, ita ma sai da aka roƙa.

To, a nan hujjar 'yan jarida ta yi rauni. An ce kada a biya domin gaskiya ta tsira. Ga shi ba a biya ba, amma maganar tayoyi ta shiga, asalin matar ya ɓace, aka zaɓi yaran da za su fito, har cikin 1939 aka goge babban yatsanta da ya leƙo a kusurwar hoton daga jikin uwar fim ɗin, domin ya ɓata tsari. Hana talaka kuɗi bai hana mai akwati shirya abinsa ba. Amma kada masu cewa a biya su yi saurin murna. Da Lange ta miƙa mata dala guda ran nan, da yaran sun ci abincin dare, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai da dalar ba ta mayar mata da sunanta ba, ba ta gyara labarin tayoyi ba, watakila ma da ta zama hujjar cewa an sallame ta, ba ta da sauran magana.

Kowane akawu ya sani kuɗi ba ya fita Baitulmali sai an rubuta a bauca ko na mene ne. Rikicin maganar nan rabinsa daga nan ya ke, ana cewa a biya ko kada a biya, ba a faɗi sunan kuɗin ba. Hausa kuwa ba ta rasa sunaye. Akwai lada, abin da a ke ba mutum domin aikinsa da lokacinsa. Akwai sadaka, wadda ba a bin ta da bukata. Akwai goro, na gaisuwa da girmamawa. Akwai toshi, wanda a ke bayarwa domin a rufe baki ko a karkata shi. Sule guda yana iya zama kowanne daga cikinsu, bambancin yana wurin abin da mai bayarwa ke jira. Abin da 'yan jarida ke tsoro toshi ne, suna kuwa da gaskiya. Kuskurensu shi ne don gudun toshi sun hana har lada. Wanda ya tsare marar gida yini guda yana tambayarsa yana bin sa da akwati ya hana shi yinin da zai yi dako, ko tsintar kwalabe, ko bara. Direban da ya kawo mai hoton an biya shi, tafinta an biya shi, mai wanke hoton an biya shi. Mutum ɗaya tak aka ce ya yi kyauta domin gaskiya, shi ne kuwa wanda ya fi kowa rashi a cikinsu.

Amma lada ma yana da ƙaya. An ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da zarar marar gida ya karɓi kuɗi ya shiga hannu, kunya da tsoron a karɓe ba za su bar shi ya ce a'a ba. Babu inda wannan ya fito fili kamar aikin Boris Mikhailov, mutumin birnin Harkif na ƙasar Yukren. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet cikin 1991, masana'antu suka mutu, sai birnin ya cika da mutanen da da suna da aiki da ɗaki, yanzu suna kwana a waje. Cikin 1997 da 1998 Mikhailov ya ɗauke su hotuna fiye da 400, aka buga su cikin littafi a 1999, aka kuma nuna waɗansu a babban gidan nune-nunen zane na Niyu Yok cikin 2011. Bai ɓoye kome ba. Ya ce ya biya su, ya ba su abinci, ya kuma gaya musu yadda za su tsaya. Da yawa cikinsu sun tuɓe tsirara, waɗansu a cikin ƙanƙara, suna nuna gyambo da tabo da abin da mutum ba ya nuna wa ko ɗan'uwansa. Hujjarsa ita ce sabon zamanin da ya zo ƙasarsu kome da kuɗi a ke yinsa, saboda haka cinikin da ya yi da su shi ma wani yanki ne na gaskiyar da ya ke nunawa.

Maganar tana da wayo, kuma ta fi ta Riis gaskiya, gama Mikhailov bai yi da'awar ya tarar da su haka ba. Hotunan kuma suna yin abin da na tausayi ba su yi: ba su barin mai kallo ya ji daɗin tausayinsa, sai dai ya ji ƙyama da kunya, ya tambayi kansa me ya kawo shi kallo. Amma faɗin laifi ba ya wanke shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe cinikin mai zaɓi da na wanda tilas ta kama, sun kuma sa sharaɗi a ƙodago cewa a san aikin, a san ladan. Dattijon da ya tuɓe wando cikin sanyi domin abincin yini, ladan ya sani, aikin bai sani ba. Shi a ganinsa minti biyar ne na kunya gaban mutum guda. Bai san an sayi tsiraicinsa ke nan har abada ba, za a faɗaɗa shi ya fi tsayin mutum, a rataye a bango a wata ƙasa, masu hannu da shuni su tsaya gabansa suna tattaunawa. Ba kuma za a ce ya yi zaɓi ba, tun da yunwa ce ta amsa a madadinsa. Kuɗin nan ya wuce ladan lokaci, ya zama kuɗin abin da bai kamata a taya ba.

Akwai masu cewa kada a ba su domin giya za su sha. Ba a musun yana faruwa. Cikin 1987 Mary Ellen Mark ta ɗauki wani iyali da ke kwana cikin mota a Los Anjalis, mujallar Life ta buga, masu karatu suka aiko da kuɗi da kaya. Da mujallar ta sake buga labarinsu cikin 1995, abin ya riga ya tafi ga ƙwaya, halinsu ya fi na da muni. Sai dai wannan ba lada ba ne, sadaka ce ta zubo gaba ɗaya ba shiri. Lada kuwa ba a tambayar mai shi inda zai kai. Ba wanda ya taɓa riƙe albashin mai ɗaukan hoto domin an ji yana sha.

Ko sadakar da aka tsara ma ba ta tafiya yadda a ke zato. Cikin 1961 Gordon Parks ya ɗauki wani yaro, Flavio da Silva, ɗan shekara 12, mai ciwon fuka, a wata unguwar bukkoki ta birnin Riyo a Birazil. Masu karatun Life suka tara wajen dala 30,000, aka saya wa iyayensa gida, shi kuma aka kai shi Amurka aka yi masa magani shekara biyu, ya rayu. Sa'an nan aka mai da shi ƙasarsu, ya saba da wani zama dabam, ya daɗe yana begen komawa. Maƙwabtansu kuwa, waɗanda talaucinsu bai gaza nasa ba, laifinsu kawai akwatin bai tsaya a ƙofarsu ba.

Abin da ya fi kusa da daidai, in an auna duk wannan, shi ne a raba aikin gaggawa da aikin zama. Ɗan jaridan da ya tarar ana korar marasa gida daga ƙarƙashin gada ba shi da lokacin ciniki, bai kuma kamata ya yi ba, gama abin da ke faruwa a bainar jama'a ya ke ɗauka. Amma wanda zai zauna da mutum kwana da kwanaki domin ya yi littafi ko nuni, ya biya ladan lokaci, a yanka shi tun da fari daidai da abin da mai ƙodago ke samu a garin, kada ya hau ko ya sauka bisa ga abin da mutumin ya yarda ya nuna. In ya ce yau kada a ɗauke shi, ladansa na nan. Ta haka kuɗin ba ya sayen hawaye, domin hawaye ba su ƙara kome. A rubuta kuma ƙarƙashin hoton cewa an biya, mai kallo ya auna da kansa. Wanda ya fi wuya shi ne na bayan nan, watau rabonsa in hoton ya yi kasuwa bayan shekara goma, gama marar gida ba shi da adireshi, kuma da yawa ba su kai shekara goman. Wannan wahala ce ta gaske, amma ta kan zama mafakar malalata. Ai Florence tana nan cikin Kalifoniya duk shekarun nan, ba wanda ya nema.

Waɗansu sun bi ta wata hanya, suka miƙa akwatin ga masu shi. Jim Hubbard, wanda ya daɗe yana ɗaukan marasa gida a Washinton, cikin 1989 ya fara koya wa yaran da ke gidajen fakewa ɗaukan hoto da kansu. Abin da suka ɗauko ya bambanta da na baƙi, akwai wasa da dariya da 'yan'uwa a ciki, abubuwan da baƙo ba ya tsayawa kansu domin ba su a ke saye ba.

Maganar ba ta tsaya ƙasashen Turawa ba. Tun daga 2014, da mutanen da rikicin Boko Haram ya kora suka cika zangunan Maiduguri, masu akwati daga ko'ina suka yi ta zuwa, fuskokin mata da yaran Barno suka bazu cikin jaridun duniya da takardun neman taimako. Almajirai kuma sun daɗe suna shan ɗauka, ana rubuta ƙarƙashinsu cewa yaran titi ne marasa kowa, alhali yaron yana da uba a ƙauye da malami a tsangaya, ko da ya ke wahalarsa ba ƙarya ba ce. A nan tambayar lada ta ƙara rikicewa, gama yaro ɗan shekara takwas ba ya ƙulla ciniki, kuma in an ba ɗaya goma za su taru, kowa da ƙoƙonsa, kowa yana nuna tsummansa. Ga kuma wani sabon salo da wayar hannu ta kawo, wanda ko Barnardo bai kai gare shi ba: saurayi ya tare tsohuwa mabaraciya ya miƙa mata kuɗi, abokinsa yana ɗauka, da yamma an sa a Facebook ana ta sa masa albarka. A da ana biya ne domin a sami hoto. Yanzu biyan shi ne hoton, tsohuwar kuwa ta karɓi abin da ta ɗauka sadaka ce, ta yi addu'a da zuciya ɗaya, ba wanda ya gaya mata aiki aka ɗauke ta.